Ranar da Zabi Suka Auna Ƙarfin Kwaɗi

Ga ta nan, ga ta nanku, jikokina.

Ta zo mu ji ta, Kaka.

To, ku matso. Babanku ma, Allah ya ji ƙansa, a kan tabarmar nan ya fara jin ta.

An yi wani tafki na kwaɗi, can a hayinsa kuma garin zabi. Tun kaka da kakanni akwai amana tsakaninsu: duk wanda yaƙi ya samu, ɗayan zai kai masa gudummawa. Wata damina sai macizai suka tasar wa kwaɗi.

A cikin kwaɗin akwai wata tsohuwa, ana ce mata Iya Bududdugi, 'ya'yanta uku suna bakin daga. Ta yi ta tsalle har garin zabi, ta durƙusa gaban Sarki.

"Ranka ya daɗe, macizai sun shigo mana. Ku zo ku sassare su da baki."

Sarki ya tara majalisa. Wani zabo ya ce, "In kwaɗi suna da ƙarfi, me za mu je yi?" Wani ya ce, "In ba su da ƙarfi, me zai kai mu mu mutu a banza?" Sarki ya sosa kai. "To, suna da ƙarfin ne ko ba su da shi?"

Hankaka yana gefe yana tsintar geron majalisa. Ya ce, "Ni ina da kunne. A cika min ƙoƙo, in je in auno muku." Bai ƙarasa tafkin ba. A kan tsamiyar da sheƙarsa take ya sauka, ya ji kwaɗi suna ta ƙwar, ƙwar, ƙwar. Ya dawo ya ce, "Kai! Kirarin yaƙi suke yi. Sun fi ku ƙarfi."

Iya Bududdugi ta ce, "Ba kirari ba ne, makoki ne. Mu in namu ya faɗi, kowa sai ya yi kuka. Babban ɗana ne ya faɗi."

Aka ce, "Yi haƙuri, Iya. Mai roƙo dole ya ce haka."

Bayan kwana uku ta dawo, na tsakiyar ya tafi. Hankaka ya karɓi ƙoƙonsa, ya je tsamiya, ya dawo. "Kukan ya ninka na ran nan. Ƙarfi ya ninka ke nan." Masu cewa akwai ƙarfi suka ce, kun ji, ba sa buƙatarmu. Masu cewa babu suka ce, kun ji, suna ta mutuwa, zuwan namu asara ne. Wani zabo ya tashi ya yi wa kansa gardama, ya zauna bai san ɓangarensa ba. Kowa ya sosa kai.

Zuwa na uku, kukan ya yi siriri. Hankaka ya ce, "Manyan mayaƙa ba sa ɓata murya." Da aka ƙara masa gero sai ya ce, "Ko kuma sun ƙare."

Iya Bududdugi ta ce, "'Yan'uwana, ku faɗa min wadda kuke so in ce, in faɗe ta. Autana kaɗai ya rage."

Aka ce ta je, za a yi shawara.

Ba ta sake dawowa ba. Suka yi ta sosa kai har gashin ya zube, shi ya sa kuke ganin kan zabo ƙwal. Ran da gero ya ƙare, Hankaka ya daina zuwa aune. Sai wata tsohuwar zabuwa ta ce, "Wai tafkin nan ba da ƙafa ake zuwa ba?"

Suka ɗunguma duka, da ganguna. Suka tarar da Iya Bududdugi ita kaɗai a bakin ruwa, tana yi wa gari guda makoki.

"Iya, ina macizan?"

"Kun yi saɓani. Ta ƙarƙashin ciyawa suka bi. Sun ce saura ƙwai."

Zabi suka koma da gudu, ko ƙwai ɗaya ba su tarar ba. Tsamiyar Hankaka kuwa ita ce a kan hanya, da nasa aka fara.

Kaka, to kwaɗin suna da ƙarfi ne ko ba su da shi?

Haka babanku ya tambaye ni, da bakin nan irin naka. Ban sani ba, har yau. Abin da na sani, in wani ya zo ya ce ana kashe 'ya'yansa, ku tashi ku je ku gani da idonku, a ƙarasa gardamar a hanya.

Ƙurunƙus! Ta koma tafkin da ta fito. Ku naɗe min tabarmar a hankali.