Injin Kilim Ɗin Amiru Yana Bayan Katangar Maƙwabci

Akwai wani ɗan kasuwar hatsi a Dakoro mai suna Amiru. Da harka ta buɗe masa, sai ya sa na'urar sanyaya ɗaki, wadda muke kira kilim.

Kilim kashi biyu ce: ɗaya a cikin ɗaki, ɗaya kuma injin da ke fitar da zafi waje. Bangon ɗakin Amiru shi ne iyakarsa da maƙwabcinsa Tanimu, don haka ta gidan Tanimu aka shiga aka kafe injin. Tanimu ya yarda saboda maƙwabtaka.

Kash! Ashe inuwar dogon yaron da Azara, matar Tanimu, ke surfe, daidai nan injin yake huro zafi kamar bakin tanda.

Tanimu ya je ya ce, "Alhaji, abin nan naka shina gasa muna iyali. Ko za a ɗan ɗaga shi sama?"

Amiru ya ce a gaban mutane, "Hassada dai! In kana jin zahi, sayi taka."

Tanimu ya koma gida. Azara ta kafa zana a gaban injin don ta kare kanta, ta ci gaba da surfenta.

Bazara ta kama, irin wadda ko ruwan randa sai ya yi ɗumi. A lokacin ne aka kawo Goggo, mahaifiyar Amiru, daga Kornaka da hawan jini. Likita ya ce a nisanta ta da zafi. Amiru ya sa ta a ɗakin kilim yana taƙama.

Sai kilim ta fara iya shege. Ta yi sanyi kaɗan, ta tsaya, ta koma huro iska mai ɗumi.

Sau biyu Tanimu yana sallama a ƙofar gidan, sau biyu Amiru yana cewa, "A ce mashi ba ni nan." Ya ɗauka tsohon ƙorafin ne.

Ya kira mai gyara, Mudathir. Mudathir ya duba na cikin ɗaki ya ce, "Wanga lahiya lau shike. Sai na ga injin waje."

"Ka sa tsani ka leƙa ta kan katanga."

"A'a, Alhaji. Ni ban leƙen matan mutane. Ka nemo izinin mai gidan, mu shiga ta ƙofa."

Ina! Amiru ya shiga gidan Tanimu da sallama? Sai ya ɗora wa wutar lantarki laifi, ya sayo na'urar daidaita ƙarfinta. Ba ta canza zane ba. Ya sake abin kunnawa. Ya sa aka wanke ragar ciki har ta kusa yagewa. Jama'a, mutum ya san inda ciwo yake, yana shafa magani a wani wuri! Abin nan yana ba ni haushi ƙwarai.

Ran nan da azahar injin ya yi wata ƙara, ya yi tsit. Ɗaki mai rufin kwano ya zama tukunya. Goggo ta jiƙe sharkaf da gumi, numfashinta yana sama-sama.

Ta ce, "Amiru, mi ya hana a gyara abin nan?"

Ya faɗa mata yana sunkuyar da kai.

Ta ce, "To ka zauna da girman kanka, ni in mutu da zahi."

Ko takalmi bai tsaya sawa ba. Ya ɗauko Mudathir, ya yi sallama a ƙofar Tanimu da murya ƙasa-ƙasa. Tanimu ya ce, "Bismillah, ku shigo."

Mudathir ya janye zana. Dusa da ƙaiƙayi sun toshe haƙarƙarin injin kamar an yaɓa masa laka, farfelarsa ta ƙage, ga warin ƙuna. Ya ce, "Zahin da ya hitar shi ya riƙa shaƙa har ya ƙone. Da an hwaɗa mani da wuri, wanki kawai za a yi. Yanzu sai an aiko da wani daga Maraɗi."

Tanimu ya ce, "Abin da na zo hwaɗa maka ke nan, Alhaji. Na ji kukanshi ya sake, sai aka ce ba ka nan."

Amiru ya rasa inda zai sa fuskarsa.

Azara ba ta jira komai ba. Ta yayyafa ruwa a ƙarƙashin dogon yaro, ta shimfiɗa tabarma, ta je da kanta ta riƙo Goggo. Tana yi mata fifita har barci ya ɗauke tsohuwar, a daidai wurin da ɗanta ya yi wata da watanni yana gasa iyalin Tanimu.

Darasi: Kada ka rufe ƙofa a kan maƙwabcin da ka taɓa wulaƙantawa, domin wataƙila labarin da zai cece ka ne ya kawo. Idan jin daɗinka yana cutar da na kusa da kai, ka saurare shi ka gyara tun abin yana ƙarami. Ku tura wa 'yan uwa da maƙwabta, musamman masu kilim.