Askin da Miyatake Ya Yi wa Itacen Matarsa

A unguwarmu ta Kinashi, can gefen birnin Takamatsu a ƙasar Japan, inda da wuya ka leƙa tsakar gida ba ka ga 'yan itatuwan bonsai, waɗanda ake renonsu ƙanana a cikin kasko, jere a kan katako ba, an yi wani wanzami mai suna Katsutoshi Miyatake. Mutumin kirki ne, ga fara'a, ga iya aski, ko wanda ba ya shiri da shi ba zai ce bai iya ba. Aibinsa ɗaya ne tak: ba shi da haƙurin ganin abu ya yi tsayi. Da ya hangi gashi ɗaya ya zarce 'yan uwansa, hannunsa zai soma ƙaiƙayi. Har ana cewa ya taɓa datse wa wani fasinja gira a cikin jirgin ƙasa, mutumin yana sharar barci. In aka tayar da zancen sai ya ce sharri ake masa, ai gira ɗaya ce kawai ya taɓa.

Da tsufa ya kama shi ya rufe shago, ya dawo zaman gida. To, shagon ne ya rufu, hannun bai rufu ba. Shingen ƙofar gida ya sha aski har ya gaji, kyanwar maƙwabta kuwa da ta hango shi sai ta haye katanga.

Abu ɗaya ne a gidan bai taɓa kai wa almakashi ba, shi ne itacen matarsa Fumiyo. Ɗan itacen matsu ne, irin baƙin nan mai ganye kamar allurai, tsayinsa bai wuce kamu guda ba, yana zaune a cikin wani kasko mai faɗi. Fumiyo 'yar manomin matsu ce, kuma a shekarar da mahaifinta ya rasu ta ɗebo iri daga gonarsa ta shuka. Shekara ashirin da ɗoriya tana renonsa. Ita ce ta naɗa masa wayar tagulla ta lanƙwasa shi yadda mahaifinta ke so, gindi mai kauri, rassa suna saukowa ƙasa kamar na tsohon itace a bakin teku. Burinta a duniya shi ne ta kai shi baje kolin kaka da ake yi a harabar ɗakin bauta na unguwa, a ajiye shi da sunan mahaifinta. Ko yaushe aka tambaye ta sai ta ce saura kaɗan, baɗi in da rai.

Abin da ya rage ɗin kuwa wani reshe ne. Daga can ƙasan gindin ya fito, dogo zalau, ya miƙe gefe guda ba ko kan gado. Masu wannan sana'a da gangan suke barin irinsa, domin shi ke jawo abinci ya kumbura gindin, sai ya gama aikinsa a yanke shi cikin sanyin hunturu. Fumiyo ta faɗa wa mijinta haka ya fi a ƙirga. Yakan gyaɗa kai ya ce ya ji, amma duk safiya in ya fito da shayinsa idonsa a kan reshen nan yake sauka, ya yi ta haɗiyar yawu.

Ana nan, farkon damina, 'yarsu Yoriko da ke aure a Okayama ta haihu. Fumiyo ta haɗa kayanta za ta je ta zauna da ita har ta yi ƙwari. A bakin ƙofa ta tsaya, jaka a hannu, ta dubi mijinta.

"Baban Yoriko, ruwa kawai. Safe da yamma. Ka ji ko?"

"Haba Maman Yoriko, sai ka ce yaro?"

"Da yaro ne ai da hankalina ya kwanta," in ji ta, ta sa takalmi ta fita.

Kwanakin farko Miyatake ya yi abin kirki, a yaba masa. Yana ba da ruwa, yana zura hannaye cikin aljihu don kada su yi masa gardama. Da an bar shi shi kaɗai, wataƙila da ya kai labari. Amma yana da wani aboki, Iwao Manabe, tsohon direban bas, mutum ne da bakinsa ba ya shiru, kuma bai san komai a kan itace ba in ban da shan inuwa. Wata rana da azahar suka ci taliyar udon tare, suka dawo gidan Miyatake suka zauna a baranda suna shan shayin sha'ir mai sanyi. Manabe ya ƙura wa itacen ido ya tuntsire da dariya. Ya ce wannan reshe ai fasinja ne ya miƙo hannu yana tsayar da bas, shekara da shekaru ba wanda ya tsaya masa. Miyatake ya yi masa bayanin gindi da kauri, da baɗi. Manabe ya ce tun yana tuƙi yake jin wannan baɗin.

Sannan ya kira shi da sunan wasa ya ce, "Katsu-chan, kai da ka aske kan rabin garin nan, ɗan reshe ɗaya ya gagare ka? Ko dai tsoron uwargida ne? Ka gyara mata shi, ta dawo ta tarar ya isa shiga baje kolin bana. Ka ga ka yi abin kai."

Maganar nan ta shige shi. Ba wai tsoron matar ne ya dame shi ba, wannan ai kowa ya sani, shi ma ya sani. Abin da ya yi masa daɗi shi ne hoton Fumiyo ta dawo ta riƙe baki don mamaki, tana cewa ashe haka kake da hannu. Washegari da safe ya ɗauko almakashinsa na aski da ƙaramin zarto, ya ɗaura farin ƙyallensa a ƙugu kamar zai karɓi baƙo, ya sunkuyar da kai ga itacen ya gaishe shi. Ƙyas, reshe ya faɗi.

Kai, daɗin da ya ji ba a magana! Ya ja da baya ya karkata kai yana kallo, yadda ya saba yi a bayan kujera. A nan ne fa matsalar ta soma. Da dogon reshen ya tafi, sai ya ga ashe ɓangaren dama ya fi na hagu cika. Masu bonsai ba sa son hagu da dama su yi daidai, a wurinsu kyan itace ya karkata kamar iska ta daɗe tana dukansa. Amma wanzami, wanda ya yi rayuwarsa yana auna saje da saje, ina zai iya barin haka? Ya rage dama. Ya duba, sai hagu ya rinjaya. Ya rage hagu. Ya ga alluran ganyen wasu dogaye wasu gajeru, ya bi su da almakashi ya daidaita kawunansu tas. Kafin rana ta take, itacen Fumiyo ya yi kama da ɗan makaranta ranar komawa hutu. Manabe ya zo ya gani ya ce ko a Tokyo sai haka.

Da yamma Fumiyo ta bugo waya, kamar yadda take yi kullum. Ta ba shi labarin jaririn, ta ce yana da ƙaton kai irin na kakansa, sannan ta tambaya ko ya ba da ruwa. Ya ce ya bayar. Gaskiya ya faɗa, sai dai gaskiyar ba ta cika mudu ba.

Ba a yi mako ba ganyen da ya datse ya soma yin ja daga baki. Inda ya yanke babban reshen kuma danƙo ya yi ta tsiyaya yana gangarowa, don ba a yi wa matsu irin wannan yanka cikin zafi. Mai hankali a nan zai ajiye makami ya ƙetara titi ya kira ɗaya daga cikin manoman da suka cika unguwar. Miyatake kunya ta hana shi, gaggawa kuma ta ingiza shi. Ya ce bari ya tsige jajayen ganyen, sabo ya fito kafin ta dawo, tunda shi a saninsa duk abin da aka aske tsirowa yake yi. Ya zauna da hantsaki ya tsige rassan ƙasa ƙwal, ya bar su tsirara. Abin da bai sani ba, ko kuwa an faɗa masa ya shiga ta nan ya fita ta can, shi ne reshen matsu in ya rasa ganye gaba ɗaya ya mutu ke nan, ba ya sake tohowa. Garin neman gira, ido ya tafi.

Ya jira, ya jira. Kullum da asuba yana tsugune gaban kasko da tabarau yana neman ɗan kore. Rassan ƙasa suka bushe ɗaya bayan ɗaya, ya zamana sai wani ɗan tukku ne ya rage a can ƙololuwa, shi ma don a nan ya tsaya shan ruwa ranar, ya manta bai koma ba. Tsoro ya kama shi sosai, abinci ma ya daina shiga. Manabe, da ya ga aski ya zo gaban goshi, ya kawo shawara iri-iri. Ya ce a ce guguwa ce. Miyatake ya ce wace guguwa ce ke yawo da hantsaki? Ya ce to a sayo wani mai kama da shi a sa a kaskon. Miyatake ya ce matar da ta san kowace tsaga a ɓawon itacen nan fiye da yadda ta san fuskarsa? Daga nan Manabe ya tuna yana da 'yar uwa a Marugame da ya daɗe bai ziyarta ba, ya kama hanya.

Ranar da Fumiyo ta dawo, Miyatake ya share gida, ya dafa shinkafa, ya je tasha ya ɗauko mata jaka, abin da bai taɓa yi ba. Tun a nan ta dube shi ta gefen ido. Suna shiga gida ko zama ba ta yi ba, ta zarce tsakar gida. Shi kuwa ya tsaya a baranda ya yi tsuru-tsuru.

Ta tsuguna gaban kaskon. Ta taɓa busassun rassan, ta ƙwanƙwasa ɗaya ya karye. Can ta tambaye shi ina dogon reshen. Ya nuna mata bayan ɗaki. Ashe tun ranar da ganye ya soma ja ya tsoma shi a bokitin ruwa, yana canza masa ruwan kullum, wai ko za a iya mayar da shi. Da ta ga haka dariya ta ƙwace mata, ta yi ta yi har ta zauna a ƙasa, daga nan dariyar ta juye kuka. Ta yi kukan mahaifinta, domin itacen da ta so ta kai da sunansa ya tafi, kuma ba mai dawo da shi. Miyatake ya durƙusa ya kai goshi ƙasa ya ba ta haƙuri. Bai ambaci sunan Manabe ba, don ya san ba Manabe ne ya riƙe almakashin ba. Tunda yake bai taɓa jin kunya irin ta ranar ba.

Da ta share hawaye ta koma ta duba ɗan tukkun nan da kyau, ta kankare ɓawo kaɗan da farce ta ga kore. Ta ce da sauran rai. Surar da mahaifinta ke so dai ta tafi har abada, amma akwai wata sura da ake yi, itace siriri tsirara da ɗan ganye a ka. Sai dai kafin wannan ya warke ya isa a nuna wa mutane, shekara goma ce ko fiye. Miyatake, wanda ya ba saba'in baya, ya yi lissafi a zuci ya ce da ƙaramar murya ai da wuya ya ga ranar.

Fumiyo ta miƙe, ta zura hannu a aljihun rigarsa ta zaro kwalin taba, ta jefa cikin bokitin reshen.

"Za ka gani kuwa. Daga yau ba taba, giya kuma sai ranar biki. Kai za ka ba shi ruwa safe da yamma, kai kuma za ka ɗauke shi da hannunka ka kai shi harabar ranar da ya isa. Ba ka isa ka mutu ka bar ni da wannan aika-aika ba, Baban Yoriko."

Haka kuwa aka yi. Kakar bana ta zo, ta baɗi ta zo, sunan mahaifin Fumiyo bai hau katakon baje koli ba. Mutanen unguwa kuwa sun samu abin yi, duk wanda ya gamu da Miyatake sai ya tambaye shi nawa ne askin itace, da wankin kai ko babu. Yakan yi dariya ya wuce da butar ban ruwansa. Har yanzu yana nan, ya fi dā lafiya, tari ma ya bar shi, kuma itacen ya soma yin ganye mai kyau a ka. In baƙo ya yaba, Fumiyo takan ce mijinta ne ya zaɓa masa wannan surar, ita kuma tana biyansa da ƙara masa shekarun rayuwa.

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, iya sana'arka ba ta ba ka iznin shiga ta wani ba, kuma ba duk abin da ya yi maka muni a ido ne ke bukatar gyara ba, wani da gangan aka bar shi yana aikinsa. Abin da aka yi shekara ashirin ana reno, gaggawar wuni ɗaya ta isa ta rushe shi. In an ba ka amana an ce ruwa kawai, to ka tsaya a kan ruwa, kada ka biye wa zugar wanda zai kama hanya ranar da ta ɓaci. In kuwa ka riga ka yi kuskure, ka ajiye almakashi ka nemi waɗanda suka sani, domin Miyatake ba yankan farko ne ya gama da itacen matarsa ba, gyare-gyaren da suka biyo baya ne.