Gurbin Suna Ɗaya a Fom ɗin Taron Likitoci

Ranar Laraba, goma sha ɗaya ga watan Yuni, da ƙarfe tara da kwata na safe, Dakta Jazuli yana zaune a ofishinsa na Asibitin Kwarin Gawo, ya tasa kwamfuta a gaba. Da ƙarfe huɗu na yammacin ranar za a rufe karɓar taƙaitattun bayanan bincike na taron likitocin yara da za a yi a babban birni, kuma wanda bai aika nasa ba kafin lokacin sai ya jira baɗi.

Shi kuwa Dakta Jazuli ba shi da baɗi. Shekara uku ke nan yana duba yara masu cutar sikila kowace Laraba a wani ɗan ɗaki da ke bayan ɗakin magani. A nan ake koya wa iyaye mata yadda za su riƙa taɓa cikin yaro a gida, in sun ji saifa ta kumbura su garzayo da shi tun jini bai ƙare ba. Shugaban asibitin dai bai taɓa ɗaukar aikin da muhimmanci ba, har ya yanke shawarar mayar da ɗakin wurin ajiye kaya. Da Jazuli ya matsa masa da roƙo, sai ya ce: "Ka kai aikin gaban manya. In taro ya karɓa, ɗaki naka ne. In bai karɓa ba, ka ba ni makulli ƙarshen shekara."

Jazuli ya riga ya rubuta bayanin tun makon jiya. Yara ɗari uku da goma sha takwas ne a rajista, kuma lissafi ya nuna cewa masu buƙatar ƙarin jini na gaggawa sun ragu da rabi. Karatu na ƙarshe yake yi kafin ya aika, sai aka yi sallama.

Malam Tanimu ne, mai kula da ɗakin kati, wanda ya shekara ashirin da biyu yana jera katunan marasa lafiya. Ya shigo da katuna uku a hannu, ya ajiye su a kan tebur a hankali.

"Likita, a gafarce ni. Kada a aika takardar nan tukuna."

"Malam Tanimu, yau ka ga damar zuwa? Ina kake tun makon jiya?"

"Ina cikin katunan, ranka ya daɗe. Duba nan. Ɗanlami, Babangida, Isiyaku. Duk gida ɗaya a Unguwar Maƙera, duk shekara biyar, nauyinsu ɗaya, awon jininsu ɗaya. Ni ban taɓa jin an haifi 'yan uku a gidan nan ba."

Kwana shida Tanimu ya yi yana gwada kati da kati ba tare da kowa ya sa shi ba, ya ware guda ɗari da huɗu da yake zargi. Jazuli ya ɗauki katunan ya duba. Ya fahimci abin da hakan ke nufi: in ana ƙirga yaro ɗaya sau biyu ko uku, to akwai yaran da ba su wanzu ba a cikin lissafin, kuma yaron da bai wanzu ba ba ya rashin lafiya, sai ya ƙara wa sakamako kyan da ba shi da shi. Da takardar ta tafi haka, ƙarya ya aika da sunansa. Amma Tanimu bai san dalilin maimaicin ba, bai kuma san wane kati ne na wa ba.

Aka kira Sista Barira, ma'aikaciyar jinyar da ta riƙe ɗakin tun ranar da aka buɗe shi. Haifaffiyar garin ce, kuma ita ta karɓi haihuwar da yawa daga cikin iyayen yaran. Ta dubi katunan uku, ta yi dariyar da ba ta kai ciki ba.

"Ai yaro ɗaya ne, Likita. Ɗan fari ne. Uwarsa ba za ta faɗi sunansa ba ko za a yanka ta, sai ta ce Ɗanlami, don ran Alhamis aka haife shi. Ranar da kakarsa ta kawo shi ta ce Babangida, domin sunan mijinta ya ci. Uban ne kaɗai ya ce Isiyaku. Duk wanda ya manta kati a gida, sai masu rajista su buɗe masa sabo."

"Kin san da haka, ba ki taɓa faɗa ba?"

"Wa ya tambaye ni? Ni yaran nake dubawa, ba takardunsu ba."

Ta ɗebi duk katunan da Tanimu ya ware ta fita. Da yake ranar asibitin ce, mata sun cika bencina har bakin ƙofa. Barira ta bi katunan nan ɗaya bayan ɗaya. Wasu ta warware su da ka, domin ta san gidan, ta san wa ya haifi wa. Wasu kuma sai ta zauna kusa da uwar, ta rage murya, ita ta ambaci sunan yankan da bakinta. In uwar ta sunkuyar da kai ta ja mayafi, to shi ne. In ta ce, "A'a, wannan ɗan maƙwabta ne," sai Barira ta ware katin gefe. Waɗanda ba su zo ba ta kira mazajensu a waya, ko ta tambayi matan unguwarsu. Jazuli ya leƙo ta taga ya fi sau goma, duk leƙowa sai ya dubi agogo. Ba ta tashi ba sai ƙarfe ɗaya da rabi, ta yi sallar azahar a gurguje, ta dawo da adadi: yara ɗari biyu da sittin da ɗaya.

Tanimu ya karɓa ya sake lissafi tun daga farko. Minti arba'in Jazuli yana tsaye a kansa, ya kasa zama, ya kasa tambaya. A ƙarshe Tanimu ya ɗago. Raguwar ba ta kai rabi ba, kashi ɗaya cikin uku ce. Ta yi ƙasa, amma ta tsaya da ƙafarta, kuma gaskiya ce.

Ƙarfe biyu da rabi ta gota lokacin da Jazuli ya gyara alƙaluma, ya buɗe fom ɗin taron a intanet, ya zuba rubutunsa. Fom ya ƙi karɓa. Ya sake gwadawa, ya sake ƙi.

A daidai nan Dakta Kubra ta fito daga ɗakin haihuwa. Ita ce ƙaramar likitar da aka turo asibitin bara, kuma ita kaɗai ce ta zauna ta karanta ƙa'idojin taron, shafi goma sha ɗaya, daga farko har ƙarshe. Ta leƙa allon kwamfutar, ta ce:

"Yallaɓai, kalma ɗari biyu da hamsin suka yarda, taka ɗari huɗu da talatin ce. Wannan ma mai sauƙi ne, don fom ya faɗa maka. Abin da ba zai faɗa ba shi ne ka ambaci sunan asibitinmu sau huɗu a cikin bayanin. Alƙalansu ba sa son sanin inda takarda ta fito. In suka ga suna, ko karantawa ba za su yi ba."

Ya tashi ya ba ta kujera. Ta fara yanka. Gabatarwar da ya kwana biyu yana tsarawa ta mayar da ita layi biyu.

"Kubra, wannan jimlar fa ita ce ran takardar."

"Kalma talatin da ɗaya ce, yallaɓai. Ko ita, ko yaran."

Ya bar ta ta yanke. Ta cire sunan asibiti, ta cire sunan gari, ta sami wuri ta bayyana cikin jimla ɗaya yadda aka tace sunayen da suka maimaitu, domin kada wani ya tambaya daga baya a rasa amsa. Rubutun ya sauko ɗari uku, ya sauko ɗari biyu da saba'in, ya tsaya a ɗari biyu da hamsin da shida, ya ƙi motsi. Sai da ta sake warware sakin layi na uku ta ɗinke shi sabo sannan ya dawo ɗari biyu da arba'in da tara, ba tare da an rasa adadi ko ɗaya ba. Fom ya karɓa. Ana kiran sallar la'asar a masallacin asibiti, agogo ya nuna huɗu saura kwata.

Shafi na ƙarshe ya buɗe. An tanadi wurin jera sunayen duk waɗanda suka yi aikin, amma a samansa akwai gurbi ɗaya tak na mai gabatarwa, wanda sunansa zai zo farko a littafin taro, wanda kuma zai tsaya gaban manyan likitoci ya yi bayani. In ba a cike gurbin ba, takarda ba ta tafiya.

Jazuli ya kai hannu zai rubuta nasa, sai ya tsaya. Ya tuna abin da ya so ya aika da safe: adadin ƙarya, a cikin rubutun da ba za a ma karanta ba. Ya janye hannunsa, ya ce ba zai sa kansa ba, ɗaya daga cikinsu zai sa.

"A sa likita," in ji Barira, tana nuna Kubra. "Ni da Turancina na allura da ma'aunin zafi?"

"Mama, in suka tambaye ni yadda aka gane yaran, me zan ce? Ke ko Malam," in ji Kubra.

"Ni ɗakin kati na sani," in ji Tanimu, idonsa a ƙasa.

Kowa ya tura wa ɗan'uwansa, amma babu wanda ya fita daga ofishin. Jazuli ya san dalili. Tanimu ya tsufa a cikin katuna, ba a taɓa kiran sunansa a gaban taro ba ko sau ɗaya. Barira za ta yi ritaya a watan Disamba, kuma ba ta da wata shaidar abin da ta yi wa yaran garin sai bakin iyayensu. Kubra tana neman gurbin ƙarin karatu a fannin yara, kuma sai da irin wannan gabatarwa ake duba takardar mai nema.

Ya dube su ɗaya bayan ɗaya. Ba don Tanimu ba, da ƙarya aka aika. Ba don Barira ba, da an san akwai ƙarya amma an rasa gaskiyar da za a sa a madadinta. Ba don Kubra ba, da gaskiyar ta tsaya a kan tebur, ko ta je an jefar da ita ba a duba ba. A waje kuma mata suna ta goya 'ya'yansu suna fita, suna yi wa juna sallama sai wata Larabar.

Huɗu saura minti bakwai, gurbin nan babu komai a ciki.

To jama'a, ku da kuka ji yadda aka yi, lokaci na tafiya kuma ɗakin yara na jira. Tsakanin Malam Tanimu da Sista Barira da Dakta Kubra, sunan wa ya kamata Dakta Jazuli ya rubuta?