Tanimu Ɗan Koli da Mabusa Mai Arha

An yi wani mutum, jama'a, a wani gari da ba sai na kama sunansa ba, tun zamanin da kukan jirgin ƙasa ne agogon mutane. Jirgi ya yi kuka, mata su ɗora tukunya. Ya sake kuka, a san la'asar ta gabato. Ku da kuka taso da waya a hannu ba ku san wannan daɗi ba. Allah ya jiƙan mazan jiya.

Sunan bawan Allahn nan Tanimu, ɗan koli ne a bakin tasha. Allura, zare, kwalli, madubi, kwaɗo, shi ke nan jarin. Ba shi da komai sai hali guda: ba ya sayar da abin da bai gwada ba. Kwaɗo sai ya buɗe ya rufe. Madubi sai ya leƙa fuskarsa, ko da yake, tsakani da Allah, fuskar ba ta kallo ba ce.

Cikin kayansa akwai mabusa biyu, irin 'yar ƙarfen nan mai jerin ramuka da ake sawa a leɓe, a hura a zuƙa, wadda 'yan boko ke kira hamonika. Ɗaya babba ce, tana ƙyalli, da akwatinta mai jan ƙyalle. Ɗaya ƙarama, rami goma, ba ado, sule biyu. Babbar ta ci rabin jarinsa. To ku saurara: damina ta taɓa ta, rami ɗaya ya mutu. Ka hura, shiru. Ba wanda ya sani sai Tanimu.

Ran nan sai ga Jatau mahauci, ya yi sallama ya tsuguna.

"Malam Tanimu, mabusa nake so. Ba don ni ba, don yayana Ila tela."

"Af, Malam Ila? Na kwana biyu ban ji ƙarar kekensa ba."

"Ido ya tafi," in ji Jatau. "Wata takwas ke nan. Ya ƙi zaure, ya ƙi mutane, abinci sai da lallashi. Cewa yake ya gama amfani. Jiya wani fasinja ya busa irin wannan a tasha, sautin ya iso har ɗakinsa, na ga Ila ya ɗaga kai, karon farko. Bai taɓa riƙe ta ba, amma ba ni babbar nan, ko nawa ce."

Jama'a, a lokacin rumbun Tanimu ya kusa ƙasa, kuma shekara guda ba wanda ya taya babbar nan. Sai Shaiɗan ya zo ya zauna masa a gefen tabarma. Mai saye bai sani ba. Mai busawa makaho ne, kuma ɗan koyo. Wa zai gane? Wa zai gane?

Har ya miƙa hannu kan akwatin. Sai ya tuna Malam Ila zaune a ɗaki shi kaɗai, ya kai bakinsa kan mataccen ramin nan, ya hura, ya ji shiru. Ɗan koyo ba ya zargin kaya, kansa yake zargi. Cewa zai yi, ido ya guje ni, ga wannan ma na kasa. Tausayi ya kama Tanimu, ya janye hannu.

"Jatau, ɗauki ƙaramar."

Ran Jatau ya ɓaci. "Raina ni ka yi? Ka ga na yi kama da wanda zai kai wa yayansa abin sule biyu?"

"Ba raini ba ne. Zauna ka ji."

Ya goge babbar da gefen riga, ya bi ramukan ɗaya bayan ɗaya, har ya zo inda ta yi shiru. Ya ɗauki ƙaramar, goman nan duka suka amsa.

"Ka ji? Yayanka ba zai ga ƙyalli ba, kunnensa ne zai yi masa gani. Kuma mai koyo rami goma sun ishe shi. Ka ce ya fara a hankali, kamar mai hura kunu."

Jatau ya biya, ya tafi. Babbar kuwa ba ta ƙara saiduwa ba, don duk wanda ya taya sai Tanimu ya nuna masa aibin. A akwatinta ta yi tsatsa. Shekarar nan gidansa sun sha wuya, kada ku ce ban faɗa muku ba.

Bayan kaka, wata la'asar, Tanimu na komawa gida da kaya a ka, sai ya ji busa daga wani zaure, mai daɗi, ga mutane zaune. Ya yi sallama. Busar ta tsaya.

"Muryar Tanimu nake ji?" in ji Malam Ila. "Matso in riƙe hannunka. Jatau ya ba ni labari. Wallahi ranar da ya kawo ta na ƙudura a raina, in na hura ta ƙi ni, ba ni ba ƙara fitowa. Sai ta amsa."

Tanimu ya matso ya miƙa masa hannu, sai hawaye.

To jama'a, ga abin da nake so ku tafi da shi gida. Wanda bai sani ba amana ne a hannun wanda ya sani. Kai mai gyaran waya, ke mai awo, kai mai sayar da magani, kowannenku yana da raminsa da ya mutu, wanda shi kaɗai ya san inda yake. Kana ganin 'yar riba ce za ka ci, ba ka san abin da mai saye ya rataya a kan kayan nan ba. Gobe in wanda bai sani ba ya tsuguna gabanka, nuna masa ramin. Allah ya ba mu ikon yi.