Waziri Tanimu da Raƙuman da Bai Taɓa Gani Ba

A zamanin da, lokacin da ayarin gishiri ke ratsa sahara, an yi wani sarki mai suna Nabame, mai adalci, mai jin kunyar mutanensa. Wata rana yana zaga kasuwa, sai ya hangi tsohon Ma'ajinsa, wanda bai daɗe da ajiye rawani ba, tsugune gaban dillali yana cinikin alkyabbarsa don ya sayi hatsi. Sarki ya kau da kai kamar bai gani ba, amma abin ya tsaya masa a rai. Ya aika wa tsohon abin da zai rufa masa asiri, sa'an nan ya sa aka yi shela cewa daga ranar babu mai sarautar da zai ajiye rawani sai ya tsaya gaban fada ya faɗi inda dukiyarsa take, da abin da take haifarwa, da yadda za ta riƙe shi har ƙarshen kwanansa, kuma ya kawo shaidu.

Ashe wanda dokar za ta fara hawa kansa shi ne Waziri Tanimu. Shi wannan Waziri tun yana saurayi ya baro garinsu, Kwarin Giginya, wani ƙauye a bakin kogi, ya zo birni karatu, fada ta riƙe shi har furfura ta cika masa gemu. Duk shekara yakan ce baɗi zai je gida, duk shekara wata hidima ta taso. Iyayensa suka rasu yana bakin aiki. Ba wanda ya rage masa sai yayarsa Kande, wadda ta goya shi. A 'yan shekarun nan, in ana shari'a a fada, sai hankalinsa ya tafi, ya riƙa jin ƙamshin ɗanyen kifi da kukan ganyen giginya in iska ta kaɗa.

Ana nan sai wani mai kwalekwale ya kawo masa saƙon baki daga Kande. Ta ce idanunta sun fara yin hazo, ba ta roƙonsa kuɗi ko sutura, fuskarsa kawai take so ta gani kafin duhu ya rufe.

Waziri ya faɗi gaban Sarki ya ce, "Allah ya ba ka nasara, na zo neman sallama. A karɓi rawani, a bar ni in je in ƙarasa a inda aka binne cibiyata."

Sarki ba ya son rabuwa da shi. Ya ce, "Waziri, dokar da muka yi ba ta san fuska ba. Ina dukiyarka?"

Waziri ya ce, "Ina da garken shanu wurin Ardo Sambo. Ina kuma da jari wurin Madugu Ɗanjummai, tun da daɗewa na ba shi ya saya mini raƙuma, suna zuwa ɗaukar gishiri. Kowace shekara yakan kawo mini kantun gishiri da dabino, ya ce raƙumana sai ƙaruwa suke."

Sarki ya ce, "Madalla. Yaushe rabonka da ganinsu?"

Waziri ya faɗa masa gaskiya. Mutumin da ya san abin da ke cikin kowane rumbun sarki bai taɓa ganin raƙuminsa ko guda ba, shanun kuwa rabonsa da su tun suna 'yan kaɗan.

Sarki ya ce, "Dukiyar da kunne ke riƙe da ita ta mai ba da labari ce. Je ka mai da ita ta ido, ka dawo."

Waziri ya hau doki ya nufi rugar Ardo Sambo. Ardo ya yi masa shimfiɗa, aka kawo nono, suka gaisa irin gaisuwar tsofaffin aminai. Da aka koro shanunsa, sai Waziri ya ga ba su kai rabin abin da yake zato ba.

Ardo ya ce, "Ranka ya daɗe, annoba ta taɓa mu shekarun baya, na kuwa aika maka. Amma ba ita ce ta fi yi maka ɓarna ba. Duk bikin da aka yi a birni, duk sunan da aka raɗa, sai manzonka ya zo ya ce a zaɓi karsana mafi kyau a kai gudunmawa. Da bijimai kake bayarwa, da garken bai ji ba. Ni kuwa ban ga damar hana mai abu abinsa ba."

Waziri ya tuna lallai saƙon annobar ya iske shi, a lokacin ya ce Allah ya kyauta, ya ci gaba da hidimar fada. Ya kwana biyu a rugar yana bin shanun, yana tambaya, har ya san masu ciki da waɗanda suka daina haihuwa. Suka yi shawara a sayar da tsofaffin a sayi 'yan karsana, kuma kada a sake fitar da mace daga garken sai shi da bakinsa ya ce.

Ya komo birni ya kira Madugu Ɗanjummai, ya ce yana so ya ga raƙumansa. Madugu ya sunkuyar da kai, ya matso hawaye, ya ce, "Ranka ya daɗe, jin nauyinka ne ya hana ni faɗa. Raƙumanka sun hallaka tuni a wata rijiya da muka tarar ta ƙafe. Kantun da nake kawo maka daga aljihuna ne, don kada ranka ya ɓaci."

Waziri ya dube shi, ya ga rigar da ke jikinsa ta fi ta Sarki tsada. Bai ce masa ƙarya kake ba. Ya ce, "Allah ya mai da alheri," ya sallame shi, ayari kuma ya tashi zuwa arewa.

Ba shaida, ba alama, sai maganar mutum ɗaya. Waziri ya san shanun nan kaɗai ba za su riƙe shi da Kande ba, balle su fid da shi gaban fada. Ya yi ta juya abin a ransa, har ya gane cewa abin da Madugu ya dogara da shi guda ne: ya san Waziri ba ya bin sawun kayansa. Sai ya je ya gana da Sarki a keɓe. Bayan 'yan kwanaki aka yi shela cewa, don girmama Waziri da ke shirin barin aiki, duk raƙumin da yake na Waziri an yafe masa kuɗin fito a mashigin kogi. Mai jan ayari ya rantse kawai gaban Sarkin Fito, a bar shi ya wuce.

Waziri ya tare a wata rumfa a bakin mashigin, shi da Alƙali, suna jiran dawowar ayari. Jiran nan shi ne mafi wuyar abin da ya taɓa yi. Kogin da ke gabansa shi ne wanda ke gangarawa ya wuce ta bayan gidansu. Kullum yana ganin kwalekwale suna bin ruwa zuwa can, ya san in ya shiga ɗaya, kafin mako ya zagayo yana gaban Kande. Sau da yawa ya miƙe har bakin ruwa, ya tuna tsohon Ma'aji tsugune gaban dillali, ya tuna in ya tafi hannu wofi nauyi zai zame wa makauniya, ya komo ya zauna. Duk mai gangarawa sai ya ba shi saƙo: a gaya wa Yaya ta yi haƙuri, yana tafe.

Ran nan ƙura ta tashi daga arewa, ayari ya iso. Sarkin Fito ya karanta wa Madugu shelar. Madugu ya dubi yawan kuɗin da zai biya, ya dubi hagu da dama bai ga kowa daga fada ba, ya ce a ransa wanda bai bi sawun kayansa ba shekara da shekaru, yau ne zai bi? Sai ya ware rabin ayarin, zaɓaɓɓu, ya rantse cewa duk na Waziri ne, su da kayan da ke bayansu.

Waziri ya ɗaga asabarin rumfa ya fito, Alƙali na biye. Ya ce, "Sannu da hanya, Madugu. Ashe rijiyar nan ta yi aman abin da ta haɗiye."

Aka kai magana fada. Sarki ya ce, "Ɗanjummai, zaɓi ɗaya. In rantsuwarka gaskiya ce, raƙuma na Waziri ne, ka ci amanarsa. In ƙarya ce, ka zambaci baitulmali da rantsuwa, ka san hukuncin wannan." Madugu ya faɗi yana tuba, ya ce rantsuwar ita ce gaskiya, asalin raƙuman da 'ya'yansu duk na Waziri ne. Aka mai da wa mai abu abinsa, aka tuɓe Ɗanjummai daga jan ayari, aka naɗa wani.

Sa'an nan Waziri ya tsaya gaban fada, Ardo da Alƙali na shaida. Ya faɗi abin da ya mallaka ɗaya bayan ɗaya. Ya ce zai sayar da wasu raƙuman ya sayi fadama a gida, don kada abincinsa ya rataya ga sahara kaɗai. Sauran za su ci gaba da fatauci, ribarsu ce ta sutura da magani, uwar jarin kuwa ba mai taɓa ta. Kuma duk kaka, shi da ƙafarsa zai je ya ga shanu, ya tari ayari a mashigi.

Sarki ya ce, "Yanzu kam taka ce." Ya karɓi rawanin da hannunsa, ya juya fuska don kada fadawa su ga idonsa.

Da kwalekwale ya tsaya a Kwarin Giginya, hantsi ya ɗaga. Waziri ya tarar da Kande zaune a tsakar gida tana ɓarar gyaɗa a ƙwarya da lalube. Ya yi sallama. Ta saki ƙwaryar.

Ya durƙusa ya ce, "Yaya, na makara."

Ta ce, "Fuska kam ta wuce ni, Tanimu. Amma ina rarrabe haske da inuwa. Tashi ka tsaya a bakin zaure, inda rana take."

Ya je ya tsaya. Ta daɗe tana kallon wajen, hawaye na bin kumatunta. Can ta ce, "Tsayin Baba ne sak, har da ɗan rankwafawar. Zo ka zauna kusa da ni. Yaushe za ka koma?"

Ya ce, "Ba zan koma ba, Yaya."

Ta laluba ta kamo hannun rigarsa ta riƙe, ta ɗaga murya ta ce wa maƙwabta a ɗora tukunya, ƙanenta ya dawo. A nan ya zauna har ƙarshen kwanansa, bai nemi komai wurin kowa ba. Iyakar abin da ya iso gare mu ke nan na labarin Waziri Tanimu, Allah ya sa mu gama da rufin asiri.