Kofin da Ya Ci Hannun Fadima

Akwai wata yarinya a Zuru mai suna Saloma, ɗiyar wani tsohon soja. A shekarar 2006 ita ce kyaftin ɗin ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta mata a kwalejinsu. Ta iya ƙwallo, kuma ta san ta iya. Abin da ba ta iya jurewa ba shi ne a ci su. Ranar da aka ci su, sai ta kwana biyu ba ta yi wa kowa magana ba.

Babbar ƙawarta ita ce Fadima, 'yar garin Ribah, mai tsaron ragar ƙungiyar. Ɗakinsu ɗaya a makaranta, tukunyarsu ɗaya. Da ƙyar mahaifin Fadima ya yarda ta buga ƙwallo, bisa sharaɗin dogon wando da ɗankwali, ita kuma ta kiyaye.

A ƙarshen kowace kakar wasa, kwalejojin yankin kan haɗu su yi gasar kofi. Wadda aka ci sau ɗaya ta koma gida. Shekara biyu a jere ana fitar da su Saloma tun a zagayen farko. A bana kuwa Zuru ce mai masaukin baƙi, kuma shekarar Saloma ta ƙarshe ke nan a makaranta.

Ranar Laraba suka buga wasan kusa da na ƙarshe. Saura minti biyar a tashi, aka bugo kwana. Fadima ta fito ta cafe ƙwallo, gwiwar wata 'yar wasa ta same ta a gefen kai. Ta kwanta, aka zuba mata ruwa, ta miƙe ta ƙarasa wasan. Suka ci ɗaya da nema.

Washegari da safe Saloma ta tarar da ita a bayan ɗaki tana amai.

Fadima ta ce, "Saloma, kaina kamar ana sara shi. Kuma abu ɗaya nake gani biyu. Raka ni wurin Koci Philip in gaya mashi."

 Amma ba ciwon ƙawarta Saloma ta fara tunawa ba. Beatrice ta tuna, mai tsaron raga ta biyu, 'yar ajin farko da ba ta taɓa buga babban wasa ba.

Ta ce, "Kin san halin Koci. Yana ji asibiti zai tura ki, shi ke nan. Jibi ne fa kawai. Ana tashi daga wasa ni da kaina zan kai ki."

"Tsoro nake ji."

"Shekara uku muna jiran wannan ranar, Fadima. Yanzu da muka kai bakin kofi za ki watsa mana ƙasa a ido?"

 Saloma ta je kemis ta sayo mata maganin ciwon kai.

Ranar Juma'a a wurin atisaye, Koci Philip ya lura Fadima ba ta da kuzari. Ya tambaye ta ko lafiya. Kafin ta buɗe baki, Saloma ta amsa, "Rana ce kawai, Koci. Ba ta karya da kyau ba."

Ranar Asabar fili ya cika. Aka tashi ɗaya da ɗaya, aka tafi bugun fenareti. Fadima ta tare biyu. A na biyun ta faɗi da ƙarfi, ta daɗe kafin ta tashi ta koma gefe. Saloma ce ta buga na ƙarshe, ƙwallo ta shige raga.

Jama'a suka ɓarke cikin fili. Saloma ta ruga neman ƙawarta, ta same ta zaune a ƙasa, bakinta ya karkace. Ta kama hannunta na dama don ta ɗaga ta, hannun ya sulale ya faɗi.

Daga asibitin Zuru aka wuce da Fadima Sakkwato. Jini ne ya taru mata a kai, aka yi mata aiki. Ta rayu, amma hannun dama ya daina motsi, ƙafar tana ja, magana kuma da ƙyar.

Da Koci Philip ya dawo daga Sakkwato, ya tara 'yan wasa, idonsa jawur. Ya ce, "Likita ya ce da tun ranar Alhamis aka kai ta, da abin bai kai haka ba. Akwai wadda ta san ba ta da lafiya?"

Saloma ta sunkuyar da kai. 

Daga baya labari ya zo cewa da Fadima ta fara magana, iyayenta sun yi mata wannan tambayar. Ta ce babu wanda ya sani, ita ce ta ɓoye.

Wata huɗu Saloma ba ta taɓa ƙwallo ba. 'Yan ƙungiya suka yi ta zuwa Ribah dubiya, ita kullum da uzurinta. Ta rame, ta daina shiga mutane. Ranar da ta gama jarrabawar ƙarshe, ta hau mashin ita kaɗai ta nufi Ribah.

Ta tarar da Fadima zaune a kan tabarma, mahaifiyarta Inna Basira na tsefe mata ɗan gashin da ya tsiro. Saloma ta durƙusa.

Ta ce, "Inna, na sani. Ta gaya mini tun ranar Alhamis, ta roƙe ni in raka ta. Ni na hana ta, saboda kofi."

Inna Basira ta ajiye matsefi. Ta tashi ta shige ɗaki, ta saki labule.

Fadima ta daɗe tana haɗa kalmomi kafin suka fito. "Wannan na yafe maki tun ina asibiti. Abin da ya fi mani ciwo, duk mashin ɗin da ya tsaya a ƙofar gida, sai in ce ke ce."

Saloma ta kifa kai a kan tabarma tana kuka.

Can Inna Basira ta fito da kwanon ruwa, ta ajiye a gabanta ba tare da ta dube ta ba. Ta ce, "Sha, kin sha hanya. Ɗiyata ta yafe maki. Ni ban kai nan ba tukuna, ki ba ni lokaci."

Daga ranar, kowace Asabar Saloma na Ribah da littafi da fensir, tana riƙe wa Fadima takarda tana koyon rubutu da hannun hagu. Sai da aka shekara kafin Fadima ta rubuta sunanta ya karantu. Fadima ba ta koma makaranta ba.

Darasi: Babu nasarar da ta kai darajar lafiyar mutum. Idan na kusa da kai ya ce ba shi da lafiya, ka yarda da shi, ka kai shi asibiti, burinka ya jira. In kuma ka cuci wani, kada kunya ta hana ka zuwa wurinsa, don rashin zuwan ma wata cutar ce. Ku tura wa 'yan wasa da masu horar da su da kuka sani.