Marka da Akushi Biyu na Garin Jan Rumbu

Ku matso kusa, ku tura itacen nan cikin wuta. Ga ta nan, ga ta nanku!

Ta zo mu ji ta, Kaka!

An yi wata mata mai suna Marka. Wata shekara fara ta sauka a garinsu, ta cinye gero tun yana tsaye. Mutane suka ci abin da ke rumbu har suka haɗa da iri. Mijin Marka na kwance ba lafiya, ga 'ya'ya huɗu. Bazara ta yi nisa, kullum da yamma sai gabas ta yi baƙi.

Marka ta ce, "In ruwa ya sauka ba ni da iri, mun mutu." Ta rataya jaka, ta ɗauki ƙwarya, ta kama hanya, ita da ba ta taɓa wuce kasuwar ƙauyensu ba.

A bakin daji ta gamu da Kurege.

"Uwar ɗakina, ina zuwa?"

"Neman iri."

"Kin san al'adun mutanen da za ki roƙa? Kowane gari da nasa. Kuskure ɗaya, sai kora. Ni kuwa na zaga duniya. Sa ni a jakarki, in riƙa raɗa miki."

Marka ta yarda. Ta sa shi a jaka.

Suka isa garin masunta, masu ɗakuna a kan ruwa. Aka shimfiɗa mata tabarma, aka kawo gasasshen kifi. Kurege ya raɗa mata, "A nan baƙo ba ya ci. Ki kau da kai, ki tura akushin bayanki." Ta tura, ga yunwa na cin ta. Kurege ya cinye tas.

Mai gida ya ɓata rai. "A wurinmu, wanda ya ƙi cin abincinka da mugun nufi ya zo. Tashi!"

Marka ta fita. Ta dubi gabas. Hadari na haɗowa, ƙwarya babu iri.

Kurege ya ce, "Sun canza al'ada ne bayan tafiyata."

Suka hau garin kan dutse. Aka kawo cinyar akuya. Kurege ya ce, "A nan ba a tayi. Zuba duka a jaka." Ta zuba. Mutane suka ja da baya suna salati. "A wurinmu baƙo yakan yanko wa mai gida tukuna. Mai ci shi kaɗai maye ne!" Suka rako ta da jifa.

Ta dubi gabas. Hadari na haɗowa, ƙwarya babu iri. Har ƙamshin ƙasa ta fara ji.

Gari na uku shi ne mai jajayen rumbuna, daga shi sai daji. Kurege ya ƙoshi, yana ta minshari a jaka. A bakin rijiya Marka ta ga wata tsohuwa tana fama da guga. Ta karɓa, ta ja mata ruwa, sannan ta durƙusa.

"Iya, ni baƙuwa ce. Sau biyu ana korata ban san laifina ba. Yaya ake yi a garinku?"

Tsohuwa ta dube ta. "'Yar nan, da kin shiga ba ki tambaya ba, da ba ki fito ba. Akushi biyu za a kawo. Na fari na waɗanda suka riga mu ne, na ƙarƙashin ƙasa. Kada ki taɓa. Na biyu ku ci tare da mai gida. Kuma kada ki roƙa da baki, abin kunya ne. Ki ajiye ƙwaryarki a gindin rumbu, ki yi shiru."

Marka ta shiga gari, aka sauke ta a wani gida. Aka kawo akushi na fari, tuwo da miya har da man shanu. Ƙamshi ya ta da Kurege.

"Wannan na ɗan rakiya ne," in ji shi.

Marka ta ce a hankali, "Kurege, kada ka taɓa. Na matattu ne."

"Ni za ki koya wa duniya?" Ya yi tsalle ya faɗa cikin akushi.

Mutanen gida suka miƙe tsaye. Can sai ganga: dum, dum, dum. Maza suka fito da fartanya. Mai gida ya nuna Kurege.

"Baƙuwa, naki ne?"

Marka ta dubi Kurege. In ta ce nata ne, a haɗa da ita. In ta ce ba ta san shi ba, kowa ya ga jakar da ya fito.

"Baba, tare muka zo. Na hana shi, ya ƙi."

Mai gida ya ƙura mata ido. Tsawa ta yi ruri daga nesa. Sai tsohuwar nan ta wurin rijiya ta ce daga bakin ƙofa, "Ta tambaya. Ni ta tambaya."

Mai gida ya ce, "Wanda ya ci tuwon na ƙasa, wurinsu zai zauna." Aka haƙa rami, aka cusa Kurege yana ihu, "A can ba haka ake yi ba!" Shi ya sa har yau kurege a rami yake kwana, in ya fito sai ya miƙe tsaye yana waige-waige, ko masu ganga na tafe.

Aka kawo akushi na biyu. Marka ta ci tare da mai gida. Ta ajiye ƙwarya a gindin rumbu. Ta so ta roƙa, ta tuna maganar tsohuwa, ta fasa. Kowa ya watse. Ta zauna. Iska ta taso. Ta rufe ido tana kiran sunayen 'ya'yanta ɗaya ɗaya.

Da ta buɗe, ƙwarya cike da gero, har yana zuba.

Ta ɗaure a zani, ta zuba da gudu. Kwana biyu tana gudu, hadari na bin ta. Tana sa ƙafa a gonarta, ɗigon ruwa na farko ya faɗo mata a goshi. Ko gida ba ta shiga ba, ta ƙwala wa 'ya'yanta kira, "Ku fito da fartanya!"

To yara, in kun je garin mutane, ku tambayi 'yan gari yadda ake yi. Wanda ya ce ya san al'adar kowa, ku duba cikinsa tukuna.

Ƙurunƙus kan ɗan kurege. Wanda bai yi barci ba, gobe ya ba ƙanensa labarin.